Farautar bayan kaka a dajin Maradi

Mu a nan Maradi sai an gama yankan hatsi, an kwashe damma, gonaki sun zama fili, sannan ake maganar farauta. Da damina ba ma fita, domin namun daji na haihuwa, zabbi na kwance kan ƙwai, kuma wanda ya saki karnuka cikin gonar wake ya tsokano rigima. A hannun kawuna na koya, muna bin fadamun Gulbin Maradi neman zomo, fakara da zabon daji.

Kafin ka ɗauki gora ko bindiga, je wurin ma'aikatan gandun daji. Doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilun 1998 ita ke tsara farauta a Nijar, kuma su ne ke ba da takardar izini, su faɗa maka ko an buɗe lokaci da irin dabbobin da aka hana taɓawa. Gandun Gadabeji na yankin Bermo, arewa da Dakoro, wanda aka keɓe tun 1955 kuma aka kai masa raƙuman dawa daga Kure ta kusa da Yamai a 2018, ba a harbi cikinsa sam. Dajin Baban Rafi da bakin iyaka ta wajen Madarunfa da Gabi kuwa, matsalar 'yan bindiga ta sa mun daina kusantarsu. Ko inda lafiya take, sai mun fara gaida mai gari mun faɗa masa ta inda za mu bi. A zamanin nan baƙo da bindiga a bayan gari, kafin ya yi bayani an riga an yi masa mummunar fahimta.

Abin da na fi riƙewa da muhimmanci shi ne jeri. Idan muka shiga daji, kowa na ganin na damansa da na hagunsa, ba mai wuce gaba, ba mai harbi gefe. Wata safiya muka ji motsi cikin kurmin sabara, karnuka suka tsaya cak, wani abokin tafiyarmu ya ɗaga bindiga. Kawu ya kama bakinta ya mai da sama, ya ce, "Yaro, abin da ba ka ga kansa da wutsiyarsa ba, kada ka ɗana masa." Can sai ga ɗan makiyayi ya fito rungume da ɗan akuya. Har yau idan na tuna jikina yakan yi sanyi. Bindigar toka ita ma tana son kula: albarushi ya yi yawa a tsohon bututu, sai ta fashe a hannun mai ita. Ba a hawa babur da ita a ɗure.

Samun nama kuwa yana ga iska. Da hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka mukan fuskance ta, kada ta kai wa dabba warinmu. In ta kwanta, sai in damƙi ƙasa mai laushi in sake ta, in ga inda ƙura ta nufa. Da sassafe sawu ke fita tas a kan rairayi, kafin shanu su tattake shi.

Sa takalmi mai rufe idon sawu, kuma kada ka zura hannu a ramin gafiya. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, shi ya sa tsaga wurin cizo ke ƙara ɓarna. Ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau. A hana mutumin tafiya, a ɗauke shi zuwa asibiti neman allurar maganin dafi. Ruwa kuma a ɗauki wanda zai ishi mutane da karnuka.

Mukan yi bisimilla lokacin sakin kare ko harbi, abin da aka samu da rai a yanka shi nan take, a fitar da kayan ciki kafin rana ta yi zafi. Maganar rabo tun a gida muke yanke ta a gaban babba: wanda ya fara jifa ko harbi ya samu, nasa ne. Na ga an fasa wa mutum kai da gora kan zomo ɗaya, saboda ƙwace. Wuta kuma ba ma cinna wa daji don korar nama, domin ciyawar nan ita ce abincin dabbobin makiyaya har faɗuwar ruwa.