Tsattsewar kogin Kuyaba

Daga birnin Kuyaba na ƙasar Brazil muka kama hanya da sassafe, kwalta ce lafiya lau har Pokone, wajen kilomita 100, daga nan kuma sai burji, hanyar da suke kira Transpantaneira, kusan kilomita 147 tana ratsa fadamar Pantanal har Porto Jofre da ke bakin kogin Kuyaba, gadoji sun fi ɗari, wasu na katako ne mota na hawa suna ƙara kai kuma kana ta salati. Agusta rani ne a can, ƙura kam ba a magana, ga kadoji jibge a bakin kududdufai ko a jikinsu.

Duk wanda ya shiga kwale-kwale a Porto Jofre damisar nan tasu ta Kudancin Amurka da ake kira jaguwa yake nema, kowa da zungureriyar kyamara. Ni kuwa wallahi wata 'yar tsattsewa ce ta ɗauke min hankali, tsawonta bai wuce santimita 14 ba, bayanta kore-kore shuɗi-shuɗi yana sheƙi in rana ta doke shi, cikinta fari fat, ga farin tabo a fiffike da gindin wutsiya. Ba ta son yin sama sosai, ƙasa-ƙasa take bi dab da ruwa kamar za ta jiƙa ƙirji, ta cafke ƙwaro ta dawo kan wani busasshen reshe da ya leƙo daga cikin kogi ta zauna, galibi biyu-biyu za ka gan su, ko 'yan kaɗan. Kuma fa ba ta rabuwa da ruwa, inda muka yi nisa da kogi ban ƙara ganinta ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki sheƙarta. Tamu ta gida laka take ɗebowa ta yi gini a soro, wannan kuwa babu ruwanta da kwaɓa, rami take nema a mataccen icce da ke tsaye cikin ruwa ko tsakanin duwatsu, ta shimfiɗa ciyawa da gashin tsuntsu, ta saka fararen ƙwai 3 zuwa 6. Direban kwale-kwalenmu ya ce daga Kolombiya da Benezuwela har arewacin Ajantina ana samunta, gabas da duwatsun Andes.

Ina cikin roƙonsa ya kashe inji in ɗau hoto sai rediyo ta yi ƙara wai an ga damisa can gaba, ya finciki jirgin, sauran fasinjoji har harara ta suke don na ce a ɗan dakata.