Asabar: takobin matattu da sauran tarkacen Bleak Falls Barrow

Yau bayan na gama abin da ke gabana na koma kan Skyrim, wasan kwamfutan da na sake farowa daga tushe a makon nan. Wasan ya fito tun 2011, amma har yanzu idan na shiga wani kogo sai in ji kamar ban taɓa taka shi ba. Aikin yau shi ne hawa dutse daga ƙauyen Riverwood zuwa Bleak Falls Barrow, tsohuwar kushewar mutanen Nord, 'yan asalin ƙasar da ke cikin wasan, don in karɓo wa Lucan mai shago farcen zinaren da ɓarayi suka sace masa. Faɗan bai ba ni wahala ba. Abin da ya fi cin hankalina shi ne tambayar da ke tasowa a kan kowace gawa da kowane tulu: in ɗauka ko in bari?

Mutum yana fara wasan da ikon ɗaukar kaya masu nauyin 300. Da jin adadin sai a ce ai da yawa, amma sulken jikinka da makamin hannunka da magungunanka duk a ciki ake lissafa su. Da zarar ka haura, gudu ya ƙare, sai tafiyar hawainiya, kuma ba ka isa ka danna taswira ka tsallaka wani gari ba. Duk matakin da ka hau, in ka zuba shi a kan ƙarfin jiki, 5 kacal ake ƙara maka. Saboda haka a farkon wasa wuri a jaka ya fi zinare tsada.

'Yan fashin da ke gadin ƙofar su na fara kayarwa. Sulkensu na fata da na ƙarfe ban ko waiwaya ba, sai kibau da tsabar kuɗi da tsinken buɗe kwaɗo, tunda waɗannan ukun ba su da nauyi ko kaɗan. Duk abin da nauyinsa sifili ne babu shawara a kansa, hannu kawai ake kaiwa.

Shawara ta fara ne a can ƙasa, inda matattun da ake kira draugr ke farkawa daga ramukan bango. Kusan kowane ɗaya yana faɗuwa da tsohon takobi ko gatari, kuma takobin yana da kyan gani, baƙi, da zane a jikinsa, irin wanda zuciya ke cewa kada ka bar shi a ƙasa. Na tsaya na duba lambobinsa: nauyi 12, daraja 13. Wannan 13 ɗin ma ba ita za ta shiga aljihu ba. Sabon ɗan wasa da bai ƙware a ciniki ba, kusan kashi ɗaya cikin uku na darajar kaya 'yan kasuwa ke ba shi, wato takobin nan zinare 4 zai kawo. In na kwashi goma na cinye nauyin 120, kusan rabin jakata, don zinare 40. A cikin tulunan tokar da ke jere a kan kantocin wurin kuwa, in ka bi su ɗaya bayan ɗaya, za ka tara abin da ya kai haka ba tare da ka ƙara wa kanka nauyin komai ba. A ɗaya daga ciki ma na ci karo da jan dutsen garnet, nauyinsa 0.1, darajarsa 100. Dutse ɗaya ya fi tarin takubba.

'Yan wasa da dama suna bin wata ƙa'ida mai sauƙi: kada ka ɗauki abin da darajarsa ba ta ninka nauyinsa sau goma ba. Ƙa'ida ce mai kyau, tana rage tsayuwa, kuma ita ce ke nuna maka dalilin da ya sa ƙashin dodon sama, mai nauyin 15 da darajar 500, ya cancanci a yi masa wuri duk da nauyinsa. Amma ni ban yarda ta wadatar ba, domin tana ɗaukar cewa duk abin da ka ɗauka sayarwa za ka yi, kuma akwai mai saye. Lucan zinare 750 ke hannunsa, Belethor mai shago a garin Whiterun ma haka, kuma in ka tatse su sai ka jira kwana biyu na cikin wasa kafin kuɗinsu ya dawo. Wanda ya cika jaka da kaya masu tsada yana iya ƙarewa yana yawo gari gari da su a baya, ko ya jibge su a akwati har wasan ya ƙare bai sake buɗewa ba.

Tambayar da na fi amincewa da ita ita ce: wane aiki abin nan zai yi mini, kuma yaushe? A kan hanyar hawa dutsen na tsinki shuɗin furen tsauni duk inda na gan shi. A kasuwa ba ya kawo komai, amma in ka haɗa shi da alkama a teburin haɗa magani, maganin dawo da lafiya ne, kuma nauyinsa 0.1. Fatun kyarketan da suka tare ni ma na kwashe, saboda kowace fata tana zama jemammiyar fata ɗaya, ita kuma a yanka ta tsiri huɗu, kuma tsiri ɗaya da curin ƙarfe ɗaya su ne wuƙa a maƙera. Ina son ɗaga ƙira, don haka fatar kyarkeci ta fi mini takobin draugr amfani nesa ba kusa ba, ko da ƙa'idar goma ba ta yarda ba. Haka dafin da na samu a jikin ƙatuwar gizo-gizon da ta naɗe Arvel ɓarawo a saƙarta: na shafa shi a kibiya tun kafin in kai ɗakin ƙarshe, ya yi aikinsa a take.

Ina cikin haka ƙanena ya shigo ya zauna a gefena. Shi ɗan wani wasan ne mai suna Fallout 4, kuma ganin na wuce kanta cike da kaya ban taɓa ba ya dame shi ƙwarai. Ya ce, "Yaya, wallahi kana asara, koma ka kwashe." Na ce masa ya karanta abin da ke kan kantar. Ƙyallen likkafani ne, nauyi 3, daraja 2, sai ƙananan wuƙaƙe da tsinkayen gyaran gawa. Ya ce a nasu wasan babu abin banza, kuma gaskiyarsa. Kamfani ɗaya ne ya yi wasannin biyu, Bethesda, amma a Fallout 4 na 2015 sun mayar da tarkace kayan gini: fankar tebur kusoshi ce, salatif gam ne na gyaran bindiga, har kana iya yi wa abin da kake nema alama wasan ya riƙa nuna maka shi. A can wanda ya wuce fanka ya yi asara da gaske. A Skyrim kuwa kofi kofi ne, kwando kwando ne, an ajiye su ne don ɗakin ya yi kama da wurin da mutane suka taɓa zama. Halin da ka koya a wani wasa in ka shigo da shi nan sai ya zame maka kaya.

Wannan kantar ta likkafani ita ce ta fi tsaya mini a rai yau. Da na daina kallonta da idon mai kwasa, sai na lura da yadda aka tsara wurin: ƙyallayen a naɗe, kayan aikin a jere kusa da teburin dutse, tuluna a gefe, ramukan bango wasu da gawa a kwance wasu fayau. Wani ya zauna ya shirya wannan da hannu don in fahimci abin da ake yi a ɗakin shekaru aru-aru da suka wuce. Mai saurin danna maɓallin ɗauka ba ɗaki yake gani ba, jerin sunaye da lambobi yake gani. Akwai ma amfanin da ya wuce jin daɗi: wanda idonsa ke kan bango shi ke gane draugr ɗin da ke shirin tashi, domin masu sulke da makami a ramukan su ne ke farkawa, kuma ana iya harbinsu tun suna kwance.

Ban ce kwasar komai laifi ba ne. Akwai masu jin daɗin tara cuku ɗari a ɗaki ɗaya, kuma wasan ya ba su dama. Amma ni lokacin wasana ƙayyadadde ne, kuma duk mintin da na ɓata a allon jaka ina zubar da abu ɗaya don in sa wani, minti ne da ban yi shi a cikin kogo ba.

A ɗakin ƙarshe, bayan na juya zoben ƙofa bisa alamomin da ke tafin farcen, beyar da malam-buɗe-littafin dare da mujiya, na koyi kalmar farko ta ihun sihiri da ake kai hari da shi, wadda ke rubuce a jikin bango, sannan babban draugr ya fasa akwatin gawarsa ya fito. Makaminsa tsohon ƙarfen Nord ne irin waɗanda na yi ta wucewa, sai dai wannan yana ɗauke da sihirin sanyi. Shi na ɗauka ba tare da na duba nauyi ba, don in na kai shi teburin sihiri na Farengar, masihircin Dragonsreach, fadar Whiterun, na wargaza shi, na koyi sihirin har abada, in ɗora a kan duk makamin da na so. Na fita ta ƙofar baya da sauran wuri mai yawa a jaka, na sauko da gudu zuwa Riverwood, na miƙa wa Lucan farcensa, na sayar masa da dutsen garnet.

Gobe Whiterun. Zan fara da maƙerar Adrianne in jeme fatun nan, sannan in hau fada. Ina tara kuɗin gidan Breezehome, zinare 5000, don in sami akwatin ajiye curin ƙarfe da ganyayen magani, waɗanda su ne kaɗai ƙananan kayan da na tabbata zan koma in buɗe akwati dominsu.