Wasa ƙarafan fira da mariƙin katako

Iccen bagaruwa, wanda a nan Gadarif ake kira sunuɗ, ba ya barin kaifi ya daɗe. Ƙafar angarib, wato gadon igiya, biyu ko uku za ka fere a kan injin fira, sai ka ga gari na zuba maimakon ɓawo mai naɗewa, ƙarfen kuma ya fara zafi a hannu. Da hannu kawai nake wasawa a da, kowane zuwa da tasa kusurwar, ƙarfe na ta ƙarewa a banza. Shi ya sa na haɗa mariƙi.

Ba wani abu ba ne: sandar katako mai tsawon santimita 60, tana shiga tana fita a ƙarƙashin injin wasa, daidai saitin dutsen, da noti mai kunne na ɗaure ta. A ƙarshenta akwai ɗan gurbi inda gindin ƙota ke zama. Babban cizal mai kwarmi na fira ta farko a gurbin nake kafa shi, in mirgina shi hagu da dama, kusurwar kaifinsa digiri 45. Shi kuwa siririn mai zagayayyen baki, sai na zura shi cikin wani guntun katako mai huda, in matse da sukuru, ƙafar guntun ce ke zama a gurbin.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne tsawon bakin da ke leƙowa daga guntun. In yau santimita 5 ne gobe 6, kusurwa ta canza ko da ba a taɓa sandar ba. Sai na huda rami mai zurfin santimita 5 a gefen benci. In tura bakin har ya taɓa ƙasa, sannan in matse. Kafin in kunna inji nakan shafe fuskar kaifin da baƙar maka, in juya dutsen da hannu. Idan tawadar ta goge a tsini kaɗai, sandar ta yi nisa, in tura ta ciki. Idan a dunduniyar kaifin ce, in ja ta baya. Sai ta goge daga sama har ƙasa nake kunnawa. Dutse yana cinyewa, don haka alamar watan jiya a jikin sanda ba abin dogaro ba ce.

Farin dutse mai lamba 80 nake amfani da shi, a inji mai juyi wajen 1,450 a minti. Mai 2,850 ma yana yi, amma da hannu marar nauyi. Nauyin ƙarfen kansa ya isa, kada a danna. In baki ya yi shuɗi a ƙarfen maƙera, to taurinsa ya tafi, sai an cinye wurin gaba ɗaya. Shi ana tsoma shi a ruwa akai-akai tun bai yi zafi ba. Wanda aka rubuta wa HSS yana jure zafi, amma tsoma shi a ruwa da zafinsa yana sa bakin ya tsattsage. A bar shi ya huce a iska.

Hatsari ɗaya: makankari mai digiri 70 zuwa 80 ba a sa shi a gurbin nan. Bakinsa yana sauka kusa da tsakiyar dutse, dutsen ya fizge shi ƙasa ya maƙale, har ya iya fashewa. A kan farantin da ke gaban dutse ake wasa shi, tazarar farantin da dutse kada ta wuce milimita 3, kuma ba a goge ɗan gashin ƙarfen da ya taso a bakinsa, shi ne ke yanka. Tabarau dole ne.

Ƙananan cizal na zane, masu digiri 20 zuwa 25, ba na kai su inji sai baki ya ɓare. Dutsen mai ya ishe su, sannan in ja su baya-baya a kan guntun fata da aka manna a katako, har gashin ya faɗi.