Amsar Hausa da bakin Turanci

A shekarata ta farko a aikin jinya, wata likita Baturiya ta zo asibitinmu ta yi 'yan makonni tana yi wa mata tiyata. Ni aka haɗa da ita a ɗakin mata, don a cikin sababbin ma'aikata ni ake ganin na fi jin Turanci. Na ci shi da kyau a WAEC, kuma ban taɓa shakkar kaina a kansa ba.

Akwai wata dattijuwa da aka kawo daga ƙauye da ƙari a mahaifa. Tun ƙarfe 12 na dare muka hana ta ci da sha, kamar yadda ake yi wa duk wanda za a yi wa allurar barci, don kada abin da ke cikinsa ya taso ya shiga huhu. Da safe likita ta tsaya bakin gadonta, ta duba fayil, ta ce da ni: "She hasn't eaten this morning, has she?" Na ce: "Yes." Ta ɗago ta dube ni, ta yi rubutu, ta wuce gado na gaba. Sai bayan azahar, da aka gama shiga da kowa ɗakin tiyata aka bar dattijuwar kwance da yunwa, na je na buɗe fayil ɗin. An ɗage aikinta zuwa gobe, wai ta ci abinci.

Babbar nas ɗinmu, wadda muke kira Hajiya, ta ja ni gefe. Ta ce: "'Yata, me ta tambaye ki, me kika ce mata?" Na maimaita mata kalma da kalma. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce: "Amsar Hausa kika ba ta da bakin Turanci." Ni da kaina na je na faɗa wa dattijuwar. Na durƙusa na ce: "Inna, ki yi haƙuri, sai gobe za a yi. Kuskurena ne." Ta ce: "Ba komai 'yar nan, Allah ya kai mu goben." Ɗanta kuwa sai da ya fita neman kuɗin ƙarin kwana. Har yau ban manta fuskarsa ba.

Ga abin da ya faru. In Bahaushe ya ce maka "Ba ta ci abinci ba ko?", kana iya cewa "eh", ma'ana maganarka gaskiya ce, ba ta ci ba. Mu mai tambayar muke gaskatawa. Bature shi aikin yake dubawa: in an ci, "yes", in ba a ci ba, "no", ko ta wace fuska aka juya tambayar. Da na ce "No, she hasn't", da an yi wa Inna aikinta a ranar. Abin da ya fi taɓa ni shi ne na san irin wannan bambanci tun ina Islamiyya. Malaminmu ya daɗe yana yi mana bayanin "na'am" da "bala" a Larabci, yana kafa hujja da aya ta 172 a Suratul A'araf, inda aka yi tambaya mai korewa, wato mai "ba" a cikinta, aka amsa da "bala", kalmar da ke soke wannan korewar. Abokan aikinmu na Maraɗi da Damagaram ma suna da "si" a Faransanci don wannan gurbi. Turancin yau ba shi da kalma ta uku, shi ya sa masu shi ba sa son "yes" ko "no" tsirara, sai su ɗora "she has" ko "she hasn't". Ashe wannan 'yar jelar da muke ganin ƙarin surutu ce, ita ke ɗauke da amsar.

Daga ranar na koma na sake koyon tambaya tun daga tushe, kuma ban fahimce ta ba sai da na fara sauraron Hausata. Mu in za mu yi tambayar eh ko a'a ba ma taɓa jerin kalmomi. "Ta sha magani." "Ta sha magani?" Murya ce kawai ta canza, ko a sa "shin" a gaba, ko "ko" a ƙarshe. Shi ya sa muke cewa "You are coming?" mu ɗaga murya. Ana ganewa, amma a kunnen mai harshen yakan fita kamar mamaki ko neman tabbaci. Tambayarsu ta asali ana gina ta ne da ɗauko ƙaramin aikatau mai taimako a kai shi gaban mai aikin: "Are you coming?", "Has she eaten?", "Can he walk?" In jimlar ba ta da mai taimako, sai a aro "do". Kuma da zarar "did" ya shigo, shi ya ɗauki lokacin da ya wuce, aikatau ya koma yadda yake: "Did she eat?" Na sha jin "Did she ate?" a bakin ƙwararrun ma'aikata, saboda suna ganin sai an nuna shuɗewar sau biyu.

Da farko na ɗauki wannan juye-juye wahala ce kawai da Turanci ya ɗora wa mutane. Sai na lura mu ma muna yi, ba mu sani ba. Muna cewa "sun zo", amma "yaushe suka zo?" Muna cewa "tana kuka", amma "me ya sa take kuka?" Babu yaron da zai ce "yaushe sun zo?" a gidan da aka haife shi da Hausa. Kalmar tambaya ta zo gaba, sai "sun" ya zama "suka", "tana" ya zama "take". Da na ga haka sai zuciyata ta kwanta: mu ma muna da abin da muke motsawa in za mu yi tambaya, nasu dai daban ne da namu.

Hausar ce kuma ta warware mini "who". "Wa ya kira likita?" daban, "Wa likita ya kira?" daban. Na farko shi ne "Who called the doctor?", babu "did", don wanda ake nema shi ne mai aikin. Na biyu "Who did the doctor call?" A wajen miƙa aiki tsakanin masu dare da masu safe, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Sai "isn't it?" da muke liƙa wa kowace magana. "Ko ba haka ba?" ce tamu muka sa mata rigar Turanci. Tasu jelar tana bin mai taimakon da ke cikin jimlar ne, ta kuma juya shi: "He is better, isn't he?", "You gave it, didn't you?", "She can't sit up, can she?" Mun haddace wannan don jarrabawa, mun cike gurabe mun ci maki, amma ba wanda ya taɓa tsayar da mu ya ce to, yanzu ku amsa. Ina ganin nan ne koyarwar ta gaza. Ana koya mana gina tambaya a takarda, ba a koya mana karɓarta daga bakin mutum mai sauri ba.

Akwai kuma tambayar da ake sakawa cikin wata don ladabi. "Where is the pain?" daidai ne, amma in ka fara da "Can you tell me", sai jerin ya koma na magana: "Can you tell me where the pain is?" Wannan ya ɗauke ni watanni kafin ya zauna a bakina.

Abin da ya fi canza aikina bai tsaya a Turanci ba. Na daina yi wa marasa lafiya tambaya mai korewa, ko da Hausa. In ka ce wa dattijuwa "Ba kya jin ciwo ko?", kunya da kawaici za su sa ta ce "eh", alhali ciwon na cin ta. Ka riga ka sa mata amsa a baki. Yanzu sai in ce: "Inna, ina ne yake miki ciwo?" ko "Yaushe rabonki da abinci?" In likita ya yi mini tambaya da Turanci kuwa, ba na barin "yes" ko "no" su fita su kaɗai. Ɗaliban jinya da ake turo mana koyon aiki, ranar farko nakan tsayar da su bakin gado in ce: "She hasn't eaten, has she?" In jira. Mafi yawansu "yes" suke cewa, sai in zaunar da su in ba su labarin Inna.