Sa'o'in da Ke Tsakanin Tsintar Gawar Yaro da Yi Mata Wanka

Duk lokacin da aka tsinci gawar yaro a wani kango ko a bakin kududdufi a birnin nan na Kano, abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne. Kafin 'yan sanda su iso jama'a sun riga sun yi dafifi, wani ya juya gawar domin ya ga fuskarta, wata ta cire mayafinta ta lulluɓe ta saboda tausayi, dangi kuma suna matsawa a ba su ita a yi mata sutura kafin la'asar. Babu mai mugun nufi a cikinsu, amma a 'yan sa'o'in nan ne shaidar da za ta iya nuna makashin take salwanta.

Shaidar da nake nufi ita ce ƙwayar halitta ta DNA, wadda ke cikin jini da yawu da maniyyi da saiwar gashi, mutum ya gaji rabinta daga uwa rabi daga uba, kuma ba ta zama iri ɗaya ga mutum biyu sai tagwayen da suka fito daga ƙwai guda. Alec Jeffreys na Jami'ar Leicester a Ingila ne ya gano hanyar bambance mutane da ita a 1984, kuma shari'ar kisa ta farko da aka warware da ita ta yara ce. An yi wa 'yan mata biyu masu shekara 15 fyaɗe an kashe su, ɗaya a 1983, ɗaya a 1986. 'Yan sanda suka kama wani saurayi ɗan shekara 17, ya kuma amsa da bakinsa cewa shi ya kashe ta biyun. Da aka yi gwaji sai ya nuna cewa mutum ɗaya ne ya yi aika-aikar biyu, kuma ba saurayin ba ne. Daga nan aka ɗebi jinin maza kusan 5,000 na yankin, ainihin makashin, Colin Pitchfork, ya tura abokin aikinsa ya ba da jini a madadinsa, har sai da abokin ya yi suɓutar baki a mashaya. A 1988 aka yanke wa Pitchfork ɗaurin rai da rai.

Abin da ya fi tsaya mini a labarin shi ne saurayin da ya amsa laifin da bai yi ba, domin a wajenmu da zarar an ji cewa "ai ya amsa da bakinsa" an rufe magana. Sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana kotu karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar gallazawa, kuma lauyan da ya san aikinsa nan zai fara kai farmaki. Idan iƙirarin ya faɗi, mai gabatar da ƙara ya tashi a tutar babu. Kisan yarinyar nan 'yar shekara biyar da mai makarantarsu ya sace a Disambar 2021, wanda Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke wa hukuncin kisa a Yulin 2022, ya tonu ne saboda neman kuɗin fansa ya bar sawu. Wanda ya yi fyaɗe ya shaƙe yarinya ya yar ba ya kiran kowa a waya, sawunsa yana jikinta ne kawai.

Aikin adana wannan sawu ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Likita ya sa safar hannu, ya yanke farcen yaron ko ya goge ƙarƙashinsa, saboda wanda aka shaƙe yakan yakushi mai shaƙe shi. Ya goge wuya da inda aka yi cizo da auduga mai tsabta, ya bar ta ta bushe. Rigar da ta jiƙe da jini a shanya ta a inuwa, a sa ta a ambulan na takarda, a rubuta sunan wanda ya ɗauka da lokacin da ya miƙa wa na gaba. Idan aka cusa ta a baƙar leda aka ƙulle a zafin Afrilu na Kano, cikin 'yan kwanaki za ta yi fumfuna, abin da ake nema ya lalace. Duk wannan ana iya gama shi kafin mai wanka ya haɗa ruwa da magarya, don haka ba sai an hana iyaye jana'iza ba, kuma ba sai an farke gawa ba, wanda shi ne abin da mutanenmu suka fi ƙyama.

Gwajin yana da iyaka. Yaro kullum a hannun mutane yake, kawu ya ɗauke shi, malami ya riƙe hannunsa, almajirin gida ya goya shi, don haka samun DNA ɗin ɗayansu a rigarsa ba ya nuna kisa. Inda aka same shi ne ke magana: na kan hannun riga daban, na ƙarƙashin farce daban. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin irin wannan hujja da sunan ƙarina, suna kafa dalili da rigar Annabi Yusufu da aka yaga ta baya. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmin duniya, da ta zauna a Makka a 2002 ta halatta amfani da gwajin wajen binciken laifi, amma ba ta yarda a tsayar da haddi ko ƙisasi a kansa ba.

Jihar Legas ta buɗe cibiyar gwajin DNA a 2017, aka lalata ta a tarzomar Oktoban 2020. Ina goyon bayan Kano ta gina tata, sai dai samfurin da aka busar da kyau yana iya jira shekaru, ana kuma iya aika shi ko'ina. Da za a tambaye ni inda za a fara sa kuɗi, da na ce a raba safar hannu da ambulan da igiyar killace wuri ga kowane caji ofis da sashen gaggawa na asibitocinmu, a kuma tara masu unguwanni da limamai a yi musu bayani, tun da su ake fara kira kafin a tuna da hedikwatar 'yan sanda da ke Bompai.