Kada sunan i7 ya ruɗe ku

Ƙannena masu tara kuɗin sayen kwamfutar tebur, ko don zane, ko haɗa bidiyon biki, ko buɗe shagon buga takardu, ku tsaya mu yi maganar furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, kafin ku shiga kasuwa. A nan na zubar da kuɗin da na sha wuya kafin na tara, kuma ba na so ku bi sawuna.

Da na tashi sayen tawa, abu biyu kawai na riƙe: a furosesan kamfanin Intel, i7 ya fi i5, kuma wanda gigahaz ɗinsa ya fi yawa shi ne mai gudu. Mai shago ya ajiye mini 'yan Beljiyam guda biyu, ɗaya i7-3770 mai 3.4, ɗaya i5-8400 mai 2.8. Ko gezau ban yi ba na rungumi i7. Bawan Allah bai cuce ni ba, abin da na tambaya ya ba ni. Sai da na fara fitar da bidiyo na gane kurena: fanka tana ta kuka, layin aikin yana jan ƙafa, mai biki kuma yana ta bugo waya.

Sirrin yana cikin lambar da ke bayan ɗan karan da ke cikin sunan furosesan. Ukun da ke farkon 3770 tana nufin zubi na uku, na shekarar 2012, mai ƙwayoyin aiki huɗu, wato sassan da ke raba aiki a tsakaninsu. Takwas ɗin 8400 kuwa zubi na takwas ne, na 2017, mai ƙwayoyi shida, kuma 2.8 ɗin da na raina mafari ne kawai, idan aiki ya yi nauyi yana hawa har 4.0. In lambobin sun kai guda biyar, biyun farko za ku karanta: i3-12100 zubi na 12 ne, na 2022, kuma wannan i3 ɗin ya yi wa tsohon i7 ɗina fintinkau.

Gigahaz bugu yake ƙirgawa a daƙiƙa, ba ya faɗin yawan aikin da kowane bugu ya yi. Kamar a ƙirga saran manomi ne ba a duba faɗin fartanyarsa ba. Tun 2004 tsohon furosesan nan Pentium 4 ya kai 3.8, amma yau ko kyauta aka ba ku ba zai yi muku aikin kirki ba. Gwada gigahaz yana da ma'ana ne kawai tsakanin 'yan zubi ɗaya.

Akwai kuma batun Windows 11, wadda a hukumance ba ta karɓar abin da ya gaza zubi na takwas na Intel ko furosesan Ryzen 2000 na kamfanin AMD. Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. In kun ga 'yan zubi na huɗu ko na shida da araha, ku tuna da wannan.

Kuskurena na biyu ya fi ciwo, domin ina ganin na riga na waye. Na samu madabod, babban faifan da ake ɗora kayan kwamfuta a kai, samfurin H110, na duba na ga soket ɗinsa, wato mazaunin furosesa, LGA1151, na sayo i5-8400 tun da shi ma haka aka rubuta masa. Ya zauna daram, na danne murfin, na kunna, allo baƙi ƙirin. Ashe zubi na shida da na bakwai daban, na takwas da na tara daban, duk da sunan soket ɗaya ne. A nan dole a yaba wa AMD: soket ɗin AM4 ya ɗauki Ryzen tun na 2017 har zuwa jerin 5000, sau da yawa sabunta BIOS, manhajar da ke cikin madabod, kawai ake yi. Ku lura da harafin ƙarshe ma. F a Intel yana nufin babu sashen hoto a ciki, sai kun sayi katin hoto daban. A Ryzen 5 kuwa, 5600G yana da shi, 5600 ba shi da shi.

Abin da masu sharhi a ƙasashen sanyi ba su cika damuwa da shi ba shi ne wuta da zafi. An ƙiyasta i5-8400 a kan wat 65, i9-13900K kuwa yana iya zuƙar 253. Wanda ya dogara da inbata ko ƙaramin janareto ya san bambancin a aljihunsa. Ga zafin Afrilu, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Da furosesa ya ɗau zafi sai ya rage gudu da kansa, ka biya kuɗin gudun da ba za ka gani ba.

A shago kada ku yarda da sitikar da ke jikin akwati. Ku sa a kunna, ku buɗe manhajar Task Manager ko CPU-Z, ku kwafe cikakkiyar lambar, ku duba makinta a gwaje-gwajen gudu na PassMark ko Cinebench. Mai bidiyo ya kalli makin dukkan ƙwayoyi, mai CorelDRAW da Word ya kalli na ƙwaya ɗaya. In kuwa buga takardu ne sana'arka, ɗauki i3 ko i5 daga zubi na takwas zuwa sama, ragowar kuɗin ka sa SSD, wato ma'ajiya mai sauri, da RAM mai giga 16.