Asabar, da faifan Amanaz

Tun bayan sallar Azahar aka ɗauke wuta, ga zafi kamar a gasa mutum. Na shimfiɗa tabarma a zaure, na sa abin kunne, na kunna faifan da abokina ya turo mini tun makon jiya yana ta damuna da in saurara. Sunansa Africa, na wata ƙungiya ce daga Zambiya mai suna Amanaz, ya fito a 1975. Shi kaɗai suka taɓa yi, ba a jima ba suka watse.

Samari ne daga Kitwe, garin ma'adinin tagulla. A lokacin gwamnatin shugaban ƙasa Kenneth Kaunda ta matsa wa gidajen rediyo su riƙa sa waƙoƙin gida, shi ya sa makaɗa irinsu suka samu kasuwa, har aka raɗa wa kiɗan suna Zamrock. Sai farashin tagulla ya faɗi, kuɗi suka ƙare a hannun mutane, kiɗan ma ya bi.

Jitar ce ta kama ni. Ba ta da tsabtar sauti ko kaɗan, tana kurma ihu a hankali kamar ƙudan zuma a cikin gwangwani, mai ganga kuma ba ya sauri, kai ka ce shi ma zafin nan ya dame shi. Wasu waƙoƙin da Turanci, wasu da Bemba, wani yare na Zambiya. Ban fahimci ko kalma ɗaya ta Bemba ba, amma su na fi maimaitawa.

Ina cikin haka Hajiya ta leƙo, ta zare abin kunnen guda ta kara a nata kunnen. Ta yi shiru kamar daƙiƙa goma, ta ce, "Kai Auwalu, wayar taka ce ta lalace ko kunnenka?" Na ce, "Hajiya, haka aka yi shi." Ta girgiza kai ta koma ciki.

Da aka sake fitar da faifan a 2015, an haɗa shi kala biyu: ɗaya busasshe, ɗaya mai amsa-kuwwa. Shi abokina, na biyun yake so. Ni na farkon, don a nan ne kake jin yatsa yana goga wayar jita.

Cajin wayata ya mutu ana kiran La'asar, waƙa uku ta rage ban ji ba.